Da Sauƙi, Yallaɓai

Goggona tela ce, kuma matar tsohon soja. A ofishin kula da iyalan tsofaffin sojoji ba wanda ya san sunanta na yanka. Masu gadi Kin-Dawo suke ce mata, don da haka suke tarbar ta duk Litinin, har sunan ya bi ta.

Mijinta, Saje, ya yi shekara ashirin da shida cikin kaki, ya fito da lambobi uku da takardar yabo. Shekara huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ƙato ne, ciwon kuma bai rage masa nauyi ba, sai yawan magana. Goggo 'yar firit da ita, amma ita ke goya shi daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki. 'Ya'yansu biyu mata suna aure a nesa. Bayanta ya soma amsawa, har ba ta iya rabin awa a kan keken ɗinki. Likita ya ce mata in ba ta bar ɗaukar nauyi ba, su biyu za a riƙa ɗagawa.

Abu ɗaya take nema, jan kati. Mai jan kati ana ba shi keken guragu, a turo ma'aikacin jinya gida sau uku a mako, a kuma duba matarsa a asibitin sojoji. Saje koren kati gare shi, na masu lafiya, wanda ba ya jawo komai sai ƙwayar ciwon kai da sannu.

Wata goma sha ɗaya ta yi tana sintiri. Ɗakin jira benci uku ne, da fanka mai juyawa in ta ga dama, da akawu a bayan taga wanda ke toshe ta da kwali in zai ci abinci. Ya ce hoton Saje ya daɗe. Ta kawo sabo, ya ce bai yi kama da na fayil ba.

"Ai mutum yana tsufa, ɗana," in ji Goggo.

"Fayil ba ya tsufa, Mama."

Wallahi da ni ce da na ci kwalar wani. Ita ko sai ta gode masa, ta koma benci.

Da ƙyar aka sa musu ranar ganin kwamitin likitoci. Wata tsohuwa da suka saba a benci ta ja ta gefe ta ce ta kula, mutanen can abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa shi suke rubutawa, ba ƙari ba ragi. Goggo kuwa ta san mijinta. Tun da ya kwanta, duk wanda ya ce masa yaya jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi.

Sai ta buɗe masa makaranta. Kullum da hantsi ta kifa tsohuwar hularsa ta soja a kan ɗankwali, ta zauna bayan keken ɗinki, ta ɗaure fuska.

"Saje, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

"Sauƙin me? Ka ce babu sauƙi."

"Wannan ai butulci ne ga Allah."

"Allah ya san halin da bayana yake ciki. Maimaita."

Mako uku ana wannan fareti. Ranar ƙarshe ya faɗa sau goma ba gargada, har yana haɗawa da nishi. Goggo ta ce ko ita ta ji tausayinsa.

Ni na raka su. Kwamitin da ke duba marasa ƙafa a hawa na biyu yake zama, kuma ba lif, sai matakala. Ta goya shi, ina tallafe ta baya, muka dire shi a kujera gaban dogon tebur. Likitoci uku ne, na tsakiya Kanar cikin kaki, kafaɗa sai walƙiya.

Idon Saje ya sauka a kan kafaɗar nan. Kafin mu ankara ya dafa tebur da hannunsa mai lafiya, ya yunƙura. Mutumin da ya shekara huɗu bai taka ƙasa ba ya miƙe, ƙafa na rawa, ya saki tebur ya sara wa Kanar.

Kanar ya amsa, ya yi murmushi. "Saje, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Yallaɓai!"

Ya zube a kujera. Ina kallon biro yana tafiya a kan takarda.

"Yallaɓai, gaisuwa ce ya amsa," in ji Goggo.

"Mama, majinyaci muke tambaya."

Kanar ɗin nan fa da Hausa ya tashi. Ya san ko mai shirin cikawa da sauƙi yake cewa. Amma fom ba shi da gidan gaisuwa. Aka rubuta yana iya tsayuwa, kuma ya tabbatar da bakinsa yana samun sauƙi. Koren kati ya zauna. A sake nema bayan shekara biyu.

Masu shara biyu suka fito mana da shi har kujerar, suka ajiye a baranda. Ni ina tafasa, na rasa wanda zan fara zagi. Saje kuwa ya jiƙe da gumi, fuskarsa fes, rabon da in ga haƙoransa har na manta.

"Kin ga yadda na tsaya?" ya ce wa Goggo. "Kanar da kansa ya amsa mini fa."

Ta dube shi. Na ɗauka yau za ta fashe, kuma da ta yi ba wanda zai ga laifinta. Sai ta sa bakin mayafi ta goge masa yawu.

"Na gani," ta ce.

Ta miƙo mini fayil, ta gyara ɗaurin zani, ta juya masa baya ta durƙusa. Ya rataya hannu a wuyanta. Sai a yunƙuri na uku ta iya miƙewa.