Ruwan Tsamin Inna da Bijimin Mahauci

Shekarun baya, ana daf da samun 'yancin kai, ina aikin tafinta a ofishin dabbobi na Sakkwato, mahaifina kuma yana sayar da dusa da harawa a kasuwa. Lokacin ne aka fara kawo yuriya, wani farin gari mai kama da gishiri da ake barbaɗa kaɗan a dusa don shanu su riƙe jiki da rani. Ni na matsa masa ya karɓi buhu. Ina ji da kaina a lokacin, ko masallaci ba na zuwa sai da biro a aljihu.

"Wanga ba takin gona ba ne?" in ji shi.

"Shi ne, Baba, amma tumbin saniya na mai da shi abinci."

Ya karɓa yana girgiza kai. Masu turkar shanu daga ƙauyuka suka fara saye, kowa muna ja masa kunne: a busasshiyar dusa, kar a jiƙa, kar a ba doki ko jaki.

Wata rana da hantsi ina rumfar, sai ga maƙwabcinmu na Ƙofar Marke, mahauci, ya faɗo babu hula.

"Alhaji, guba kas sai man! Bijimina na can kwance!"

Na san in bijimin nan ya mutu, ko dusa ba mai sake saye a hannun mahaifina.

"Yaya kab ba shi?" na tambaya.

"Cikin ruwa mana, awa kanwa. Ka ce kar a jiƙa, to yaushe anka haihe ka?"

Na taɓa fassara maganar likitan dabbobi cewa tsami ke karya dafin yuriya. Na ruga gida, na sunkuci tulun ruwan tsamin da mahaifiyata ta ajiye don kunu, tana bina da faɗa har zaure.

A gidan maƙwabcin na tarar da bijimin ciki ya kumbura, yana karkarwa, mahaucin kuma ya zare wuƙa, kada ya yi mushe. Na ce ya dakata, in bijimin ya mutu da albashina zan biya. Aka ɗaga wa bijimin kai, na riƙa ɗura masa da kwalba, ina haɗawa da ruwan randa. Can sai ya yi wata gyatsa da ta kori 'yan kallo. Kafin la'asar ya miƙe.

Washegari wani baƙo ya tambayi mahaifina yadda ake haɗin. Ya nuna ni da haɓa, ya ce, "Tambayi Malam."

Daga baya na yi shekaru a gidan rediyo, na sha yabo iri-iri. Amma mutumin da bai taɓa yabona a fili ba ne ya faɗi wannan, a tsakiyar kasuwa. Har yau in na tuna, sai in gyara zama.