Almakashi Mai Haƙora

Kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. A Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye ana ce mini Dokta, amma kada ku cire hula. Aji huɗu na yi a firamare. Malamin lissafi ya ce ko ni ko shi, hedimasta kuwa ya zaɓi shi. Doktancina duka a cikin akwatin katako yake, ɗaure a bayan babur.

Da can leburan reluwe ne ni, har jirgi ya daina zuwa. Matata Hannatu tela ce, ita ke ɗinka wa matan majami'armu anko. Tana da wani almakashi mai haƙora, irin wanda ake yanke bakin yadi da shi don kada ya warware. In ya yanka abu sai ya bar masa baki kamar na zarto. Ba ta yarda kowa ya taɓa shi, sai autarmu Rifkatu, da take zama a ƙafarta tana yanka ƙyallaye tana yi wa 'yar tsana riga. Da Hannatu ta rasu ta bar mini keken ɗinki, da almakashin, da Rifkatu.

Na fara da abin da ba laifi: farasitamol, man zafi, maganin tsutsar ciki. Wata rana wani mai kawo mini kaya ya ajiye kwalin tiramol, ƙwayar kashe ciwo mai bugarwa, a kan akwatina ya ce, "Dokta, gwada wannan wurin matan citta, za ka gode mini."

Ku yaran birni ba ku san aikin citta ba, shayinta kawai kuka sani. In an haƙo ta da rani, mata ke zama tun safe da wuƙa suna tsaga kowace ɗaya biyu, suna shanyawa a rana. Hannu yana zafi kamar an sa barkono, baya yana ƙagewa, ga yaro a goye. Mace ta sha ƙwaya biyu sai ta manta tana da baya. Na samu wata mai kunu, Mama Asabe, da take bin filayen shanya da bokiti biyu. Mai shuɗin murfi kunu ne na Allah da Annabi, mai jan murfi kuwa da ƙwayata a narke a ciki. Wadda kunu ya daina yi mata sai ta nemi ƙwayar kanta.

Ba na ba da katin ƙwaya cikakke, don kada a ga sunan maganin da lambarsa. Biyu biyu nake yankawa. Almakashina na kemis ya ɓata, na miƙa hannu cikin aljihun keken Hannatu na ɗauko nata. Yana da kaifi, yana cika hannu. Tunanina bai wuce nan ba.

Ina da doka, kuma ina alfahari da ita: ba na sayar wa dangi, ba na sayar wa matan majami'armu. Da wannan dokar nake zama a benci na uku ranar Lahadi ina ɗaga murya fiye da kowa. In an ce wata ta lalace a Manchok ko wajen Nok, sai in girgiza kai in ce matan yanzu ba su da tsoron Allah.

Mijin Rifkatu ya tafi Abuja aikin gadi, wayarsa ta daina shiga. Ta dawo gidana da jaririyarta Joy. A shekarar ciwo ya ruɓar da cittar gonarmu, sai ta shiga aikin tsaga a filin wani ɗan kasuwa. Na san bokitin Mama Asabe yana zuwa filin. Na ce a raina, 'yata mawaƙiyar majami'a ce, shuɗin murfi za ta sha.

Wata Lahadi da rana tana daka a tsakar gida, Joy a bayanta, sai na ji taɓarya ta faɗi. Na fito na same ta a ƙasa tana karkarwa, haƙora a datse, kumfa a baki. Allah ya sa ta gefe ta faɗi. Yarinyar tana tsala ihu, ƙafarta ɗaya a ƙarƙashin uwar, ga tukunyar ruwan zafi taku biyu daga kansu. Na taɓa ganin 'yan acaɓa sun faɗi haka, na san abin da ke kawo shi. Cikina ya sani, bakina ya ƙi. Na fita ƙofar gida na ce matar ƙanena, Talatu, ita ce ta kama mini 'ya da maita. Na tara masu addu'a. Talatu ta durƙusa gaban fasto tana kuka tana rantsuwa, ni kuwa ina tsaye riƙe da Littafi. Mayen yana cikin rigata, ina nuna gidan maƙwabta.

Bayan wata biyu jami'an hana shan ƙwaya suka kai samame filin shanya. Mama Asabe ta bar bokiti ta bi ta cikin rogo, har yau ban sake jin ɗuriyarta ba. Aka kwance bakin zanen Rifkatu aka samu ƙwayoyi.

Kotun da aka kai ta, mutane suna ce mata kotun magani. Majistare ɗin mace ce, mai tabarau a kan hanci. Tsarinta shi ne, wanda sha kawai yake yi ba ya sayarwa, ba a kai shi gidan yari. Ana haɗa shi da nas, a riƙa gwada fitsarinsa, ya riƙa zuwa gabanta kowace Talata har ya warke. Na sa kwat ɗina na zuwa biki na zauna a baya, wai ni uba mai mutunci da ƙaddara ta faɗa wa.

Sai mai gabatar da ƙara ya ɗaga wata leda. "Ranki ya daɗe, duba bakin katin nan. Duk wanda muka kama wurin matan citta haka yake, kamar haƙoran zarto. Hannu ɗaya ne ke yanka su."

Ban taɓa lura ba. Shekara biyu ina sa hannu a kan laifina kamar mai buga hatimi. Na ji kamar kowa a ɗakin ya juyo, alhali ba wanda ya motsa.

Majistare ta ce, "Rifkatu, wa ke ba ki?"

"Tsinta na yi, ranki ya daɗe."

Rifkatu ba ta dube ni ba. Rashin duban nan ne ya gaya mini ta sani. Yarinyar da ta girma da almakashin nan a hannu, ta yaya ba za ta gane cizonsa ba?

Majistare ta cire tabarau ta ce ɗakin kwanciya na masu wannan magani gadajen maza ne kawai, kuma ba a karɓar mai shayarwa. Dole Rifkatu ta yi jinya daga gida. Ana bukatar babba ya tsaya mata, ya riƙa kawo ta, ya kuma tabbatar babu ƙwaya a gidan. "Akwai babba daga gidanku?"

Na miƙe da sauri har benci ya yi ƙara. Na ga hanya: 'yata ta fita, ni ma in tsira. "Ni ne mahaifinta, ranki ya daɗe. Dattijo ne ni a majami'a."

Rifkatu ta ce, "Ba zan koma gidan ba. A kai ni gidan yari."

"Da yarinya a baya? Kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani, Ma."

"Mahaifinki yana dukan ki ne?"

"Bai taɓa ba."

"To mene ne?"

Rifkatu ta gyara goyonta. Majistare ta dube ta, ta dube ni, ta daɗe a kaina. Ta ce ta ba mu zuwa Talata mai zuwa. In ba a samu gidan da Rifkatu za ta zauna ba, kuma ba ta faɗi mai ba ta ba, ita majistare hannunta a ɗaure yake, doka za ta yi aikinta.

Makon nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Kowane babur ya tsaya a layinmu sai in leƙa ta taga. Na kwashe kayan akwati na zuba a masai. Na ɗauki almakashin zan bi da shi, na tsaya a kan ramin, hannuna ya ƙi buɗewa. Ƙyallen da Hannatu ta naɗa a mariƙinsa yana nan, da dattin yatsunta.

Ranar Juma'a na kai wa Rifkatu abinci inda ake tsare da ita. Ta rame, hannunta yana rawa, hanci yana zuba, Joy tana jan nono tana saki tana kuka.

Ta ce, "Baba, abinci ka kawo, ko ka zo ka ji ko na faɗa?"

Na ce, "Haba auta, wace irin magana ce wannan."

"Ban faɗa ba, ba zan faɗa ba. Amma na san inda akwatin yake kwana, ƙarƙashin keken Mama. Kana tsammani duka wurin Mama Asabe nake samu? In na koma zan sha."

"Na zubar da komai."

"Mai kawo maka ya mutu ne? Wata rana zan faɗi, kuma ba ta gefe ba." Ta gyara wa yarinyar kwanciya. "A can aƙalla akwai ƙofa mai kwaɗo."

Na fito na kama hanyar gida. Ina tsoron gidan yari, ba zan ɓoye muku ba. Tsoho mai ciwon gwiwa, mai son shayi da madara. Amma duk inda na juya sai in ga ƙafar Joy a ƙarƙashin uwarta, da tukunyar nan tana tafasa.

Ranar Talata na sa almakashin a aljihun kwat. Kada ku ce jarumta ce. Har na zauna ban yanke komai ba, ina ta addu'a majistare ta yi zazzaɓi a ɗaga shari'a. Ta zo lafiyarta lau. Ta sake tambaya, Rifkatu ta sake cewa tsinta ta yi. Majistare ta yi ajiyar zuciya ta buɗe biro. Na ga kan biron ya taɓa takarda.

Ban san lokacin da na isa gaban teburin ba. Na ajiye almakashin kawai. Magatakarda ya ɗauka, ya yanki gefen wata takarda, ya ɗora kusa da ledar. Baki ya zo daidai da baki. A bayana na ji Rifkatu ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba tun ranar jana'izar uwarta.

Shekara uku aka ba ni. A ciki na ga yadda ƙwayar take fita daga jikin mutum, samari majiya ƙarfi suna birgima a siminti suna kiran uwayensu. Wasu sun gane ni. Ɗaya ya ce, "Dokta, yau ba ka zo da akwati ba?" Na yi wata guda ina kwana da baya a jikin bango.

Wa kuke tsammani ya tsaya wa Rifkatu? Talatu, mayyata. Ita ta ba ta ɗaki, ita ke riƙe ta in jiki ya tashi. Matan zumuntar majami'a suka raba ranakun Talata a tsakaninsu, kowace da ranar da za ta goya Joy a ƙofar kotu. Nas ɗin ta mai da gwajin mata zuwa wani ɗaki na baya, don surukai da 'yan gulma su daina ƙirga masu shiga. Sau ɗaya Rifkatu ta zame ta sha. Ta faɗa da bakinta kafin a gwada, majistare ba ta ɗaure ta ba, ta ƙara mata ranaku. Da na fito na same ta a kan keken uwarta tana ɗinki, Joy kuwa ta ɓuya bayan Talatu tana tambaya wane tsoho ne wannan.

Ba duka suka samu haka ba. Wata Kande ta faɗi cikin wuta tana suyan ƙosai. Wata mijinta ya kore ta ya riƙe yaran, ba ta samu mai tsaya mata ba.

To, yarana, ga abin da tsohon wawa zai ce. In wani ya ajiye kwali a gabanku ya ce za ku gode masa, ku bar masa kayansa. Kada ku yi wa kanku doka irin tawa, wai ban da dangi. Bokiti ba ya tambayar 'yar wa ce. In kuma kuna da 'yar'uwa da abin ya kama, ku bar neman maye. Ku goya mata yaro, ku raka ta wurin nas, ku ba ta ɗakin da babu abin a ciki.

Na durƙusa wa Talatu, na tuba gaban majami'a, yanzu a bencin ƙarshe nake zama. Sai dai hali zanen dutse. Kwanan baya muna cin gyaɗa a tsakar gida, baƙi sun zo, bakina ya fara ƙaiƙayi. Na ce ai ba kowane uba ne zai miƙe a gaban kotu ya ba da kansa saboda 'yarsa ba, a rubuta wannan a tarihi.

Rifkatu ba ta ɗaga kai daga keken ba. Ta ciji zare ta ce, "Na gode, Baba. Amma Kande ma 'yar wani ce. Da ba ni ce a akwatin kotu ba, da har yau almakashin Mama yana aiki."