Ƙasar da Ba Ta Cin Gawa

A Jidda aka haife ni, inda wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta ana karɓar gaisuwa. Ban taɓa lissafa wannan cikin ni'imomi ba sai da aikin binciken teku ya kai ni wani ƙaramin gari a ƙarshen arewacin duniya, ina da shekara talatin da 'yan kai. Gidajen katako ne a bakin ruwa, da ramin haƙar kwal, da ɗakin cin abinci guda na kowa da kowa. Babu bishiya ko ɗaya. Ba a kulle ƙofa, domin wanda farin dubbu ya biyo ya sami inda zai faɗa. Dabba ce mai cin nama da ta kai bijimi girma, kuma saboda ita ba a fita bayan gari sai da bindiga.

A ɗakin cin abincin na gamu da wani dattijo. Na karɓi farantina na yi bisimilla a hankali, sai na ji daga bayan tukwane an ce, "Kai, ɗan gidan wa?" Da Hausa. Kaɗan ya rage farantin ya suɓuce mini.

Mutumin Nijar ne. Ya je aikin Hajji yana saurayi, ya tsaya dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya rasu, iƙamarsa ta zama a ƙasar ta ƙare, ya shiga jirgin kaya a matsayin kuku. Daga wannan jirgi zuwa wancan, ruwa ya ajiye shi a nan. Ba mata, ba ɗa. Ina kiransa Baba, yana kirana Muhandis, ko da yake na sha gaya masa ni ba injiniya ba ne.

"Hausarka ta sha Larabci har ta yi tumbi," in ji shi. "Zo ka yanka albasa, mu rage mata ƙiba."

Haka rayuwar ta zauna. Da safe in sauke na'urori cikin ruwa in auna sanyinsa da gishirinsa, da yamma in yanka albasa. Da watannin da rana ba ta faɗuwa a can suka zo, muka koma bin agogon Makka wajen salla, muna yin isha'i hasken rana na dukan labule.

Ran Lahadi ba a aiki. Wani maharbi ɗan ƙasar, dogo mai ƙarancin magana, shi ke raka masu son fita. Wata Lahadi ya ɗauke mu a baburan ƙanƙara zuwa wata gaɓar teku inda masu farautar manyan kifaye suka zauna a zamanin da. Mun ci burodi da busasshen nama a bayan wani dutse, muna kallon barewar ƙasar tana tonon dusar ƙanƙara da kofato. Bayan haka Baba ya hango tulin duwatsu a jere, ya tambaya ko mene ne.

Kaburbura ne. Maharbin ya bayyana mana cewa ƙasar daskararriya ce har can ciki, samanta kawai ke narkewa da bazara ya sake daskarewa, kuma wannan motsi yana turo duk abin da aka binne zuwa sama a hankali. Wani akwati ya riga ya fito, murfinsa ya tsage. Na leƙa, kuma har yau ban san dalilin da ya sa na leƙa ba. Hular ulu na gani, da gashi a ƙarƙashinta, da fata a kan kumatu. Mutumin ya rigayi kakan kakana mutuwa, amma kamar jira yake a tashe shi.

Baba ya cire safar hannu a cikin wannan sanyi, ya riƙa ɗaukar duwatsu yana mayarwa. Ni da maharbin muka taya shi.

Sai washegari Baba ya yi maganar, yana murza ƙullun burodi.

"Muhandis, daga ƙasa aka yi mu, cikinta za a mayar da mu. Waccan ba ƙasa ba ce, firji ne. Ni kuwa na tsufa ina ajiye nama a firji, na san aikinsa. In ta Allah ta kasance, kada ka bari a ajiye ni. A binne ni inda ƙasa za ta ci ni."

"Haba Baba, ai kai za ka binne mu duka."

"Bar zaƙin baki. Ka ce to."

"To."

"Halas, shi ke nan," ya ce, ya ci gaba da murza.

Bayan bazara ta wuce ya faɗi a gaban murhu, da hantsi. Ma'aikaciyar jinya ta ce zuciya ce. Ƙa'idar garin ita ce a tura gawa kudu a jirgin sama, amma a ranar hazo ya sauko ya rufe filin jirgin, kuma ba wanda ya san ranar ɗagawarsa. Shugaban garin, mutum mai kirki, ya same ni ya ce ya ji addininmu ba ya son jinkirta jana'iza. In ina so, za su kawo injin fasa dutse su haƙa masa kabari a tsohuwar maƙabartar 'yan kwal kafin dare.

Duk abin da aka koya mini tun ina yaro yana cewa in amsa. Babu malamin da zan tambaya. Na ce za mu jira jirgi.

Ni na yi masa wanka a ɗakin jinya, maharbin yana zuba ruwan ɗumi inda na nuna masa. Da fararen zannuwan gado muka yi likkafani. Na tsaya ni kaɗai na yi kabbara huɗu, mutanen gari a bayana sun cire huluna. Aka ajiye shi a rumfar kwalekwale da ke bakin ruwa, kuma da yake dubbu na jin ƙanshi daga nesa, mutanen gari suka raba gadi a tsakaninsu, kowa da bindigarsa, ba tare da na roƙa ba.

Kullum nakan je in zauna. Nakan buɗe fuskarsa, ko da yake na san bai kamata ba. Ba ta sauya ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Na ga dai abin da ya guda shi nake yi masa da hannuna: na ajiye shi.

Da hazon ya ɗaga, na raka shi zuwa wani birni a kudu inda Musulmi 'yan kaɗan ke da kusurwa a maƙabarta. Sanyi ya riga ya fara a can ma. Na tarar an kifa wani ƙarfe mai wuta a kan wurin kabarin tun jiya domin ƙasar ta yi laushi. Na tambayi mai haƙan ko tana narkewa da bazara.

"Tana narkewa," ya ce.

"Har ƙasa? Har inda zai kwanta?"

Ya dubi ramin, ya dube ni, ya ce yana tsammanin haka.

A kan tsammaninsa na sa Baba a kabari. Ni mai auna sanyi ne, kuma littattafan da na duba daga baya duk sun ce ƙasar wannan birni tana narkewa har ƙasa. Na yarda da su da rana. Amma a gidana na unguwar Safa a Jidda, idan na'urar sanyaya ɗaki ta bugi fuskata ina kwance, nakan tashi in kashe ta. Maiɗakina ta sha cewa in je in gani da idona wata bazara, in huta. Ban je ba. Me zan gani daga sama?