Alhaji Moro da Tafiyar Ƙasa

Alhaji Moro ya zo Accra daga Bawku yana saurayi, ya fara da dako a kasuwar Malam Atta. Buhun masara, doya, albasa, babu abin da wuyansa bai ɗauka ba. Da Allah ya buɗa masa ya kama shagon shinkafa, ya sayi mota, ya rantse ƙafarsa ta huta ke nan.

Sai ga ciwon sukari. Likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa kullum har ya yi zufa.

"Ni da na yi dako?" ya ce wa ƙanen matarsa Nurudeen, malamin kimiyya a sakandare. "Wahalar da na sha ba ta isa ba?"

"Jiki ba ya ajiye wannan, Alhaji," in ji Nurudeen. "Cikin ƙwayoyin naman jikinka akwai 'yan murahu masu ƙona abinci su ba ka ƙarfi. In ka motsa har ƙarfin ya fara ƙarewa, ƙwayar tana ji, sai ta kwashe murahun da suka lalace ta gina sababbi. In ka zauna, tsofaffin taruwa suke yi."

"Wato sai na wahala zai gyara kansa? Wane irin jiki ne wannan!"

Ya fara dai, don matarsa Alima ta ɓoye makullin mota. Amma wa zai yi sauri a unguwarsu Nima? Bai kai bakin titi ba mai sayar da waakye, shinkafa da wake, ta tare shi da gaisuwa. Tela ya leƙo: "Alhaji, motar ta lalace ne?" Direban trotro, motar haya, ya tsaya, ya rantse sai ya ɗauke shi. Kafin Alhaji ya gama amsa gaisuwar lafiyar iyali, zufar ta bushe. Ba a jima ba labari ya zagaya har unguwar Maamobi cewa shagon ya karye, har wani tsohon abokinsa ya zo yi masa jaje.

Haushi ya sa ya sauya hanya. Ya koma bin lungun bayan babbar kwata, inda wari ke hana kowa tsayawa hira. A nan ya samu zufarsa, yana tafe yana tsaki.

Da ya koma asibiti, likita ya ce sukarin ya sauka, ya ci gaba.

"Har yaushe?"

"Muddin rai, Alhaji."

Ya zuba wa likitan ido, ya gyara hula, ya fita bai yi sallama ba.