Hannun Umma Kafin Litinin

Wata Juma'a da yamma Umma ta dawo daga Maitama hannayenta biyu a ɓoye cikin hijabi, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Shekarata tara a lokacin. Mu uku ne a gidanmu na Ushafa, ni da ita da Kaka, mahaifiyarta. Babana ya rasu tun ina goye, don haka wankin da Umma take yi a gidan wata Madam shi ne cinmu, shi ne makarantata. Akwai injin wanki a gidan, amma Madam ta ce yana cinye mata leshi, sai dai a yi da hannu.

Sanyin shekarar bai raga wa kowa ba. Hannun Umma ya yi kaushi, gaɓoɓin yatsun duk sun tsattsage saboda ruwan safe da garin sabulu. Ranar tana ninke farin zanen gado sai tsaga ɗaya ta buɗe, jini ya ɗiga a kai. Umma ta maimaita mana maganar Madam yadda ta faɗe ta da Hausarta ta kasuwa: "Wannan hannu naka ba kyau. Litinin idan bai warke ba, kada ka zo. Direba yana da sista." Wato mai maye gurbin Umma tana nan a shirye. Ko a shekarun nan na san abin da rashin aikin nan yake nufi.

Kaka ta kau da kai. Umma 'yar farinta ce, kuma Kaka mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana kai tsaye, balle ta taɓa ta. Ni ce 'yar aike tsakaninsu ko da suna zaune kan tabarma ɗaya. "Kulu, ce wa waccan tuwo na hucewa." Ba zan ɓoye ba, al'adar nan tana ba ni haushi har gobe.

Kullum bayan magariba Kaka takan zauna bakin murhu a tsakar gida tana tsince waken ƙosan da take sayarwa, ni kuma in raɓe a jikinta tana yi mini tatsuniya. Ranar ma mun zauna, sai dai hankalin kowa yana ɗaya gefen wutar. Umma ta juye ruwan zafi a roba, ta ɗauko dutsen goge kaushi tana dirzar hannun kamar gindin tukunya. Ta matsa lemun tsami, wai ya kashe ciwon, ta lafta wani mai mai ƙamshi da ta saya a tasha, sannan ta kara hannun a wuta don ya bushe da wuri. Hawaye na zuba tana cije leɓe. Ina ganin jijiyar wuyan Kaka tana motsi, amma idonta na kan wake.

Can sai Kaka ta yi gyaran murya, ta ɗaga ta fiye da yadda ta saba.

"Kulu, ga wata nan ta tsaya a bakin ƙofa."

"A ce ta shigo, Kaka."

Ta ce an yi wata mai ginin tukwane, irin maƙwabtanmu Gwarawa, da ta gina randa saura kwana uku kasuwa ta ci. Don sauri sai ta jawo ɗanyar randar kusa da wuta. Randa ta tsage. Ta kankare wurin, ta shafe, ta ƙara matsar da ita gaban wuta, tsaga ɗaya ta zama biyar. Tana zaune tana kuka sai wani kwaɗo ya leƙo daga gindin tsohuwar randar gidan. Nan Kaka ta kumbura kumatu ta yi muryar kwaɗo: "Baiwar Allah, tunda uwarki ta haife ki, kin taɓa ganin kwaɗo da faso?" Matar ta ce a'a. Ya ce, "To sirrin ke nan, laima da inuwa. Yayyafa mata ruwa, rufe ta da tsumma, ki kau da kai. Sauri ya haifi nawa."

"Ta ji maganarsa?" na tambaya.

"Ina na sani? Wasu matan kunnen ƙashi gare su." Ta watsa tsakuwar wake cikin wuta. "Iyakarta ke nan, wanda ya ji ya ji."

Ƙarar dutsen nan ta tsaya. Umma ta ajiye shi a hankali, kanta a sunkuye.

Kaka ta shiga ɗaki ta fito da ɗan gwangwanin man kaɗanyar da take shafa wa gwiwarta, saura bai kai rabi ba. Ta ajiye shi kusa da garwashi ya narke, ta shiga ba ni umarni. In surka ruwa ya zama ɗumi-ɗumi, waccan ta tsoma hannu na ɗan lokaci, ba sabulu, ba dirza. In dangwale ruwan da zane amma kada in bari ya bushe sarai. In shafa man tun da sauran laima, in cusa shi cikin kowace tsaga. Sannan ta yaga tsohon ɗankwalinta, na naɗe hannayen, na zura musu safar makarantata.

"Ce mata safe, rana da dare za a yi. Kuma in na ga hannun nan cikin ruwa kafin Litinin, ni da ita ne."

Kwana biyun nan sun yi mana tsawo. Umma ba ta iya zama ba, da ta kai hannu ga bokiti sai Kaka ta daka mini tsawa: "Kulu! Wai kurame ne a gidan nan?" Ran Asabar da muka kwance tsumman, hannun ya yi laushi amma tsagogin suna nan jajir. Umma ta ce, "Wannan ba zai yi ba, Kulu, gara in koma wa dutsen." Kaka ta ɗauke dutsen ta jefa shi bayan katanga. Ran Lahadi da yamma yawancinsu sun haɗe, saura ta babban yatsa, mai taurin kai. Kaka ta ba da sautun safar hannu ta roba daga kasuwar Bwari, ta ce in an je a riƙa wanki da ita.

Ranar Litinin ban ji komai ba a aji. Da yamma na tsaya bakin hanya har ƙafata ta gaji. Da Umma ta sauko daga mota, kafin in tambaya sai ta ce, "Madam ta jujjuya hannun kamar mai sayen kifi, ta ce in wuce bakin aiki." Na ruga gida ina ihu. Kaka ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da kwashe tuwo.

Sai da ta miƙo kwanon muka ga hannunta. Duk wankin wake da asuba, da wanke-wanke, da wankin gidan da Umma ta saba yi Asabar da Lahadi, Kaka ce ta yi su cikin ruwan sanyin nan. Gaɓoɓinta sun dare, jini ya bushe a kai, gwangwanin kuwa wayam. Umma ta yi tsaye, ta ce, "Kulu, ce wa Kaka ta kawo hannunta." Kaka ta janye shi cikin zane. "Ce mata hannun tsohuwa ba mai duba shi."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar kwaɗo darasin haƙuri ce kawai. Har yanzu duk sanyi ina koya wa abokan aikina ruwan ɗumi da man kaɗanya da safa, kuma yana yi musu. Sai da na girma na gane rabin maganin ke nan, ɗaya rabin shi ne a samu mai shiga ruwan a madadinka.

Da Kaka ta rasu, Umma tana cikin matan da suka yi mata wanka. Ta fito ta zauna kusa da ni. Sannan ta ce, "Kulu, tabon nan yana nan a yatsunta. Yau ne na samu na riƙe hannun."