Maman Mai Tsire da Uwar Ɗan Fashi

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka ya san Maman mai tsire. Yana saurayi ya iso Makka ta Sudan, kuma tun lokacin abu biyu ya riƙe: wutarsa da labarin kaboyinsa.

Wani tsohon fim ne na Amurka, mara kala, da ya taɓa kallo kashi-kashi a talabijin ɗin wani mai shayi. Labarin ɗan fashi ne da uwarsa da ƙannensa. Maman ba ya jin Turanci, amma wannan bai hana shi komai ba. Shekara da shekaru, da an sallame La'asar sai bencinsa ya cika, yana juya nama yana zuba labari da Hausa, har da kukan doki. Inda ya fi so shi ne inda ɗan fashin ke dawowa gida, uwar ta juya masa baya. "Ɗan fari ne," in ji Maman. "Kunya ce. A zuci ta fi kowa sonsa."

Sai Bandar tela, wanda shagonsa ke kallon nasa, ya tono fim ɗin a waya, da fassarar Larabci a ƙasa. Cikin 'yan kwanaki benci ya koma ƙofar Bandar.

Kishi kuwa, Maman bai iya ɓoye shi ba. Ya ce ɗinkin Bandar karkatacce ne. Ya daina amsa masa sallama da kyau. In aka fashe da dariya a can, sai ya yi ta fifita wuta har hayaƙi ya tsallaka titi. Ni kaina na koma can, kuma ya gan ni.

Ranar da aka zo wajen juya bayan, ya kasa daurewa. Ya tsallako da mafici a hannu, ya tsaya a bayanmu.

"Ya ammi, kawuna, ba kunya ba ce," in ji Bandar yana karanta fassarar. "Cewa ta yi ba ta da ɗa. Halas, shi ke nan."

"Ƙarya mai fassarar yake yi!" in ji Maman. "Ni ma ɗan fari ne. Ranar da zan baro gida haka uwata ta juya min baya, ko sunana ba ta kira ba. Kai ne za ka gaya min abin da take nufi?"

Bandar ya kife wayar. Maman ya jira ko wani zai ce ya yi gaskiya. Ba wanda ya ce, sai ya tsallaka ya koma wajen namansa da ya fara ƙonewa.