Yadda Iliya Guduma Ya Koyi Jira

A gidanmu na Kazaure, can gindin dutse, kakarmu Iya Hari ba ta yarda a kashe murhu don an sauke tuwo. Da an idar da sallar isha'i sai ta ƙara tura itace, ta binne dankali a cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Mu bakwai ne, kuma duk cikinmu ni ne zuciyata take kusa. Takan tsokane ni da "angona mai tafasa", in yi ta kumbure-kumbure, ita kuwa tana dariya.

Wata rana na dawo daga makaranta riga a yage, leɓe a fashe. Wani yaro da bai kai kafaɗata ba ya ce kaina kamar tulu, na rufe ido na afka masa, ya goce, na ci ƙasa a gaban kowa. Da muka zauna a bakin wuta, Iya ta daɗe tana kallon bakina, sannan ta ce yau babu tatsuniya, abin da za ta faɗa da idonta ta gani.

Labarin yayanta ne, Iliya, ɗan sarkin fawan wani ƙauye kusa da Gwiwa. Ta ce ƙato ne wanda sai ya sunkuya yake shiga zaure, kuma tun yana saurayi yake ɗaukar cinyar sa a kafaɗa ɗaya. Da ya fara dambe, makaɗa suka sa masa suna Guduma, domin duk wanda hannunsa ya sauka a kansa sai an yayyafa masa ruwa. Ga tsawon hannu, ga ido, ga ƙafa mai sauƙi kamar ba ta ɗauke da wannan jiki ba. Shekararsa ta farko babu wanda ya kai turmi na biyu a gabansa, wato zagaye na biyu.

Sai abokan karawa suka gano lagonsa. Iliya ba ya jure magana. In an yi masa gwalo, ko 'yan kallo suka yi masa ihu, ko makaɗi ya wasa wani ya bar shi, sai idonsa ya rufe. Ya manta da tsaro, ya manta da duk abin da aka koya masa, ya yi ta kai naushi a iska har numfashinsa ya ƙare. Daga nan ko yaro ya ture shi sai ya dafa ƙasa, kuma a dambe wanda ya dafa ƙasa an kashe shi ke nan. Haka ƙananan 'yan dambe suka riƙa yin suna da shi. A Kanya Babba wani siriri ya kashe shi sau biyu a mako guda. Ya dawo gida ya fasa randar mahaifiyarsu da naushi.

Mahaifinsu bai yi faɗa ba. Ya karɓe zaren da Iliya yake ɗaure hannu da shi, ya jefa a rumbu, ya ce daga yau aikinsa koro shanun yanka daga kasuwar Babura, a ƙasa, tare da wani dattijon Bafulatani mai suna Jauro. Tafiyar farko wani bijimi ya turje a hanya. Iliya ya zabga masa sanda, bijimin ya fizge igiya ya shiga gonar mutane, suka yini suna bin sa. Da suka kama shi, sai Jauro ya yi masa magana. A nan Iya ta kwaikwayi muryar tsohon, ta sirantar da ita:

"Ɗan sarkin fawa, ka fi ni ƙarfi sau goma. Amma wannan bijimin ya ja ka inda yake so, ni kuwa bai taɓa ja na ba."

Damina biyu Iliya yana wannan hanya. Ya koyi tsayawa cik a gaban dabba tana huci, ya koyi sassauta igiya ya bar ta ta gama haukanta, sannan ya ja. Ba rana ɗaya ya iya ba. Iya ta ce akwai tabon ƙaho a cinyarsa har ya rasu.

Bayan girbi na biyu aka sa babban dambe a Roni, mahaifinsu ya ciro zaren ya miƙa masa. Iya tana budurwa a lokacin, ta bi ayarin garinsu da tallan gyaɗa. Aka haɗa Iliya da wani ƙato daga ƙetaren iyaka mai suna Ɗan Tagaza, wanda ya riga ya ji labarin lagonsa. Tun kafin a fara ya tofa yawu a gaban ƙafar Iliya, ya ce ashe makiyayi aka kawo masa. Fili ya ɗauki ihu. Iya ta ce ta ga jijiyar wuyan yayanta ta tashi, ta ajiye farantinta ta rufe fuska, don ta san abin da ke biyo baya.

Da ta buɗe ido, yana nan tsaye inda yake. Turmi na farko bai kai naushi ko ɗaya ba, tarewa kawai yake yana zagayawa. A na biyu Ɗan Tagaza ya ambaci mahaifiyarsu da mummunar kalma, har mutanen Gwiwa suka miƙe. Iliya bai ko kalle su ba. A na uku sai ga shi mai zagin ne ya ƙule, ya gaji da jira, ya rufe ido ya kawo wani wawan naushi. Iliya ya kauce kaɗan, ya sauke masa hannu sau ɗaya a muƙamuƙi.

"Wallahi, angona, sai da na ji faɗuwarsa a tafin ƙafata," in ji Iya, tana dukan ƙasa da hannu.

Ta ce kalangu ya ɓarke, mata suka rangaɗa guɗa, samari shida suka taru kafin su iya ɗaga Iliya sama. Mahaifinsu, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa a fili ba, ya cire hularsa ya ɗora masa. Daga ranar har ya ajiye dambe, sau ɗaya tak aka ƙara kashe shi, shi ma ya tashi ya ba mutumin hannu.

A lokacin naushin kawai na ji a labarin. Sai da na haura arba'in, Iya ta daɗe da rasuwa, wani maƙwabcin gonarmu ya ci mana iyaka, muka je gaban dagaci. Ba shi da shaida, ni ina da dattawa uku. Yana ganin haka sai ya juyo ya zagi mahaifina, wanda ko shekara bai yi da rasuwa ba. Na san abin da yake nema: in ɗaga hannu, maganar gona ta koma maganar duka. Na zauna a kan hannuwana, na ce, "Ranka ya daɗe, a saurari shaidu." Aka saurare su, aka mayar mana da gonarmu har da bishiyar ɗorawar da ke bakin iyaka.

Da na fito, zuciyata tana tafasa har na kasa tayar da babur. A nan na gane abin da Iya ba ta faɗa ba. Duk shekarun nan na ɗauka fushin ne ya bar Iliya. Ashe yana nan tare da shi a filin Roni, yana cin sa kamar yadda yake ci na a ƙofar dagaci, ya dai hana shi riƙe ragama. Na tura babur ɗin da hannu har bakin titi, ina tafe ina dariya ni kaɗai, mutane suna kallona.